Sharhi kan data.table ga mai babban fayil da ƙaramar kwamfuta

Duk mai aikin alƙaluma a Gusau, jami'in sa ido ne a fannin lafiya, ma'aikacin ƙungiyar agaji ne, ko ɗalibin lissafi da ke haɗa kundin digiri a Jami'ar Tarayya, ya san inda Excel ke cijewa: layi 1,048,576, ba ƙarin ko ɗaya. Zamfara na da ƙananan hukumomi 14. A ce kowace tana turo fayil ɗaya a wata, shekara guda ta ba ka fayil 168. In kowane na ɗauke da layi 10,000, jimla layi 1,680,000 ke nan, an wuce gonar Excel. A nan ne mutum ke komawa R, manhajar nazarin alƙaluma da ake ba umarni a rubuce, kuma a nan ne da yawa ke karaya, domin sun rubuta umarni sun danna, laftof ta yi zafi, an ɗauke wuta, batir ya mutu, sakamako bai fito ba.

Ƙunshin data.table, wato tarin umarnai da ake ƙara wa R don sarrafa manyan tebura, shi ne abin da muka fi ba irin wannan mutum shawarar ya koya, amma da sharaɗi, kuma sharuɗɗan su ne rabin wannan sharhi. Matt Dowle ne ya ƙirƙire shi, ya shiga rumbun CRAN, inda ake sauke ƙunsosan R, a 2006, daga baya Arun Srinivasan ya zama babban abokin aikinsa a kai. Kyauta ne. Mafi yawan aikinsa an rubuta shi da harshen C, kuma ba ya jingina da wani ƙunshi in ba R kanta ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa: 'yan megabait kaɗan ne, alhali tidyverse, wani tarin ƙunsosan R na aikin bayanai, sai ya janyo ƙunsosai da dama kafin ya zauna. Mutum ɗaya na iya sauke fayil ɗin zip na Windows ya zuba a filasha ya raba wa ofis gaba ɗaya, in dai kowa na kan zubin R iri ɗaya. Wanda aka haɗa don R 4.4 kada a ɗora wa mai 4.2.

Inda ya fi burgewa shi ne karanta fayil. Umarnin `fread` ba ya bin fayil layi-layi yana tunanin irin abin da ke ciki. Yakan tsallaka wurare daban-daban a cikin fayil ɗin ya ɗebi samfuri, ya gane alamar da ta raba ginshiƙai da irin kowane ginshiƙi, ya ware gurbin da ake buƙata a ram sau ɗaya, sannan ya raba karatun ga ƙwayoyin furosesa. In can ƙasa ya ci karo da abin da ya saɓa wa hasashensa, sai ya sake karanta wannan ginshiƙin da kansa. A kan fayil na ɗaruruwan megabait, tazarar da ke tsakaninsa da `read.csv` na R ta asali ba sai an sa agogo ba. Amma babbar riba tana cikin `select`, wanda mutane ke mantawa da shi. Lissafin mai sauƙi ne: lamba mai ɗigo tana cin bait 8, cikakkiyar lamba bait 4. Layi 1,680,000 da ginshiƙi 30 na lambobi masu ɗigo ya haura megabait 400, tun ba a taɓa komai ba. In ginshiƙi 6 kaɗai aikinka ke so, ka ɗauko 6 ɗin, ka sauko wajen megabait 80. A laftof mai ram gigabait 4, wadda Windows da burauza suka riga suka cinye kaso mai tsoka, wannan ne ke raba aikin da zai kammala da saƙon nan na `cannot allocate vector of size`.

To amma hasashen `fread` na da wuraren da yake cutar da irin bayananmu, kuma dole a san su tun ranar farko. Lambar NIN da ta BVN kowace lamba 11 ce. Cikakkiyar lamba a R ba ta wuce 2,147,483,647, saboda haka `fread` zai karanta su da wani nau'i mai suna `integer64`, wanda sai an girka ƙunshin bit64 yake fitowa daidai. In babu shi, abin da za ka gani a allo wasu 'yan mitsi-mitsin lambobi ne marasa kan gado, sai ka ɗauka fayil ɗin ne ya lalace. Lambar waya kuma sifilin farko zai faɗi. Maganin duka biyun ɗaya ne: duk lambar da ba za a tara ta ko a raba ta ba, rubutu ce, a faɗa masa haka tun wajen karatu.

```r
karanta <- function(f) fread(f,
  select = c("kh", "mazaba", "asibiti", "waya", "rana", "adadi"),
  colClasses = list(character = "waya"),
  na.strings = c("", "NA", "Nil", "nil"),
  encoding = "UTF-8")
```

Wannan `Nil` ɗin ba don ado aka sa shi ba. Ma'aikaci ɗaya a asibiti ɗaya ya rubuta shi a gurbin sifili, ginshiƙin adadi gaba ɗaya ya koma rubutu, `sum` ya ƙi aiki. Haka ma in an rubuta 1,200 da waƙafi. Sai dai a tsaya a yi tunani kafin a mai da shi NA, wato alamar gurbin da ba a cika ba: in nufin mai cika fom shi ne ba a yi ko ɗaya ba, sifili ya kamata a sa, ba gurbi ba, kuma bambancin zai fito a matsakaici.

Sai batun haɗa fayilolin nan 168, wanda a ganinmu shi ne kuskuren da ya fi cin lokacin mutane. Yadda aka saba: a buɗe tebur fanko, a shiga madauki, a karanta fayil, a liƙa shi da `rbind`, a koma. Matsalar ita ce duk liƙi ɗaya sai R ta kwafe dukkan abin da aka tara zuwa sabon wuri. Kamar mai rumbu ne da duk buhun gero ɗaya da aka kawo sai ya fitar da na ciki kaf ya sake jera su. A misalinmu, layukan da za a kwafa sun kai 141,960,000 domin a samar da tebur mai layi 1,680,000, kuma in fayiloli suka ninka biyu wahalar ninki huɗu take yi. Hanyar data.table ita ce a karanta duka cikin jeri, a haɗa sau ɗaya:

```r
fayiloli <- list.files("2024", pattern = "csv$", full.names = TRUE)
jeri <- lapply(fayiloli, karanta)
names(jeri) <- basename(fayiloli)
DT <- rbindlist(jeri, use.names = TRUE, fill = TRUE, idcol = "fayil")
```

Kada a manta da `use.names = TRUE`. In ba a sa shi ba, ba a sa `fill = TRUE` ba, kuma fayil ɗin Maradun ya zo da ginshiƙansa a wani jeri daban da na Anka, `rbindlist` zai yi ɗan gargaɗi amma ya liƙa su bisa matsayi, mazaɓa ta shige gurbin asibiti. Shi kuma `idcol` yana rubuta wa kowane layi sunan fayil ɗin da ya fito, ranar da aka ga adadi na ban mamaki an san wanda za a kira a waya.

Tsarin rubutun data.table gaɓa uku ne cikin baka mai kusurwa: waɗanne layuka, me za a yi musu, a kasa su bisa me. `DT[rana >= "2024-07-01", .(jimla = sum(adadi), sau = .N), by = .(kh, mazaba)]` na nufin ɗauki daga Yuli, tara adadi, ƙirga layuka, bisa ƙaramar hukuma da mazaɓa, in dai `rana` ta shigo a matsayin kwanan wata, ba rubutu ba. Sati ɗaya ya isa ido ya saba. Abin da ba a cika sani ba shi ne akwai wasu umarnai da yake ganewa ya yi su kai tsaye a C ga dukkan rukunai lokaci ɗaya: `sum`, `mean`, `median`, `min`, `max`, `sd`, `var`, `.N` da 'yan kaɗan. Sunan dabarar GForce. Da ka naɗe `sum` cikin wani umarni naka na kanka, dabarar ta mutu, sai ya koma kiran R sau ɗaya ga kowane rukuni. In rukunan ƙananan hukumomi 14 ne, ko mazaɓu 147, ba za ka ji komai ba, kada ma ka damu. In kuwa rukunin kowane yaro ne ko kowane manomi, dubu ɗari biyu ko fiye, nan ne bambancin ke fitowa fili. A ƙara `verbose = TRUE` a cikin bakan, zai faɗa da bakinsa ko ya yi amfani da GForce ko bai yi ba.

Kwanan wata ma haka. Tun zubi na 1.13.0 a 2020, `fread` na gane kwanan da aka rubuta shekara-wata-rana da kansa. Namu kuwa rana/wata/shekara muke rubutawa, don haka rubutu zai shigo, kuma juya rubutu zuwa kwanan wata aiki ne mai nauyi. Shekara ba ta wuce kwana 366, babu dalilin juya layi miliyan ɗaya da rabi ɗaya bayan ɗaya. `DT[, kwana := as.IDate(rana[1], format = "%d/%m/%Y"), by = rana]` zai juya kowane kwanan wata sau ɗaya ya raba wa masu shi. A lura da babban `%Y`. Ƙaramin `%y` lamba biyu yake karantawa, sai ya ɗauki 20 ɗin farko na 2024 ya mai da komai 2020, kuma ba zai ce uffan ba.

Wannan alamar `:=` da ta fito yanzu ita ce zuciyar ƙunshin, ita ce kuma ta fi jefa sababbi cikin rami. Tana gyara tebur a inda yake, ba kwafi. Gaskiya R ta rage yawan kwafe-kwafenta tun zubi na 3.1 a 2014, don haka tsohon zancen cewa ƙara ginshiƙi ɗaya na kwafe tebur gaba ɗaya ya tsufa. Amma gyaran wasu layuka a tsakiyar ginshiƙi har yanzu yakan jawo kwafin ginshiƙin, alhali `DT[kh == "Chafe", kh := "Tsafe"]` gurabun da abin ya shafa kawai yake taɓawa. Farashin wannan sauƙi shi ne `DT2 <- DT` ba kwafi ba ne, suna biyu ne a kan abu ɗaya. Ka share ginshiƙi a DT2 da `:=`, ya tafi a DT. Ka miƙa tebur ga wani umarni da ka rubuta, ya yi `:=` a ciki, asalin teburinka na waje ya canza. Har `sunaye <- names(DT)` yakan sauya da kansa bayan an ƙara ginshiƙi. Wanda ya taso a dplyr, ƙunshin tidyverse na sarrafa tebur, ko R ta asali bai saba da haka ba, kuma kuskuren ba ya ihu: lambobi ne kawai za su bambanta tsakanin gudu na farko da na biyu. A RStudio, manhajar da ake rubuta R a ciki, inda ake danna layi ɗaya sau biyu ba a sani ba, `DT[, adadi := adadi * 10]` sau biyu ninki ɗari ne. Ƙa'idarmu ita ce sabon lissafi ya tafi sabon ginshiƙi mai sabon suna, kuma in ana son kwafi na gaske a rubuta `copy(DT)`. Wani ƙaramin abin haushi: teburin da aka adana da `saveRDS` aka dawo da shi yana rasa gurabun da ya tanada don sababbin ginshiƙai, sai a bi shi da `setDT` kafin a ci gaba.

Haɗa tebura biyu shi ne inda muke ganin ya fi kowa, kuma inda sunayen garuruwanmu ke ba da wahala. `DT[jamaa, on = "kh", yawan := i.yawan]` zai ɗauko yawan jama'a daga ƙaramin tebur mai suna `jamaa` ya manna a babban ba tare da ya ƙirƙiri tebur na uku ba, wanda `merge` ba ya iyawa. Amma kwamfuta ba ta san Bunguɗu da Bungudu gari ɗaya ba ne, ko Ƙauran Namoda da Kaura Namoda, ko Birnin Magaji da aka ƙara wa Kiyaw. Duk wanda bai dace ba NA zai samu, shiru. Kafin kowane haɗi a gudanar da `DT[!jamaa, on = "kh", .N, by = kh]`, zai jero sunayen da ba su sami abokin haɗi ba da yawan layukansu. In an samu lambar da hukuma ta ba kowace ƙaramar hukuma ko asibiti, kamar wadda ke cikin DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, a yi haɗin da ita a bar suna don rahoto.

Abu biyu kuma game da haɗi. Na ɗaya, NA na haɗuwa da NA, don haka layukan da ba a cika lambar asibiti ba a tebura biyu za su auri juna. Na biyu, in sakamakon zai fi jimlar layukan tebura biyun, data.table zai tsaya ya kawo kuskure yana ambaton `allow.cartesian`. Abin da mutane ke yi shi ne su sa masa `TRUE` su wuce. Kusan kullum kuskure ne. Wannan saƙon yana gaya maka akwai maimaici a mabuɗinka, wataƙila asibiti ɗaya ya shiga rajista sau biyu, kuma in ka tilasta, alƙaluman wannan asibitin za su ninka. A duba da `anyDuplicated(jamaa, by = "kh")` tukuna. A haɗin `:=` ma abin ya fi ɓoyuwa, domin in akwai maimaici na ƙarshe ne ke zama, ba gargaɗi.

Akwai wani nau'in haɗi da shi kaɗai ya isa dalilin koyon ƙunshin ga masu bibiyar farashin abinci. Kasuwar Talata Mafara ranar Talata take ci, ta Shinkafi ranar Alhamis, amma masu zagayen gidaje kowace rana suna fita. Ana son kowane gida a manna masa farashin kasuwar da ta ci kafin a ziyarce shi. `farashi[gidaje, on = .(kasuwa, kwana), roll = 7]` ya gama aikin: in babu farashin ranar, ya ja na baya, amma kada ya wuce kwana 7. Iyakar tana da muhimmanci a nan, domin kasuwa kan yi makonni ba ta ci ba saboda matsalar tsaro, kamar yadda aka rufe kasuwannin mako-mako a jihar a 2021. In ka sa `roll = TRUE` ba iyaka, farashin wata biyu baya zai shigo kamar na jiya. A sani kuma, ginshiƙin kwana da zai fito na gidaje ne, ba na kasuwa ba. Mai son ganin ranar da kasuwar ta ci sai ya kwafe ta a wani ginshiƙi kafin haɗin.

Inda data.table ya gaza mana ƙarara shi ne jera sunaye. Domin sauri, kuma domin sakamako ya zama iri ɗaya a kowace kwamfuta, `setorder`, `setkey`, `keyby`, har da `order` in an kira shi a cikin bakan, duk suna bin lambar da kowane harafi ke da ita a kwamfuta. Manyan baƙaƙe ne farko, sai ƙanana, sai masu lanƙwasa. Sakamakon haka Ƙauran Namoda za ta faɗo ƙasan Zurmi, kuma "gusau" da aka rubuta da ƙaramin baƙi ita ma tana bayan Zurmi. Ga lissafi ba komai, ga teburin da za a kai wa kwamishina abin kunya ne. A gyara a matakin ƙarshe, bayan an taƙaita, da `stri_order` na ƙunshin stringi tare da `locale = "ha"`, wanda ya san ƙ na bin k, ɗ na bin d. Mai Windows kuma ya tabbata R ɗinsa ta kai 4.2, domin daga wannan zubin na 2022 ne ta koma UTF-8 a Windows, kafin nan baƙaƙenmu sun sha wahala. Wajen fitarwa, `fwrite(DT, "rahoto.csv", bom = TRUE)` ne ke sa Excel ta nuna ɓ da ɗ da ƙ daidai maimakon tarkace.

Kan furosesa, rabin ƙwayoyin da ke akwai yake ɗauka in ba a ce masa komai ba. `getDTthreads()` zai nuna adadin, `setDTthreads(0)` ya ba shi duka. A tsohuwar laftof mai ƙwaya biyu ribar ba ta taka kara ta karya ba, fanka ce kawai za ta ƙara kuka, batir ya ƙara saurin sauka. Mu dai mukan bar shi yadda ya zo.

Saƙonnin kuskurensa dogaye ne, kuma suna faɗin abin da za a gwada, wanda ba kowane ƙunshi ke yi ba. Rubutunsa kuwa in aka cusa abubuwa da yawa cikin baka ɗaya, aka jera baka huɗu a layi guda, ko mai shi ba ya gane shi bayan wata uku. A ofishin da ma'aikata ke yawan sauyawa wannan matsala ce ta gaske, kuma a nan dplyr ya fi shi sauƙin miƙa wa na baya. Akwai dtplyr, wanda ake rubuta wa salon dplyr ya juya shi zuwa data.table a ɓoye, sai dai yakan yi kwafi domin kare asalin tebur, wani ɓangare na ribar ram ya tafi.

Akwai kuma abin da ba aikinsa ba ne sam. Komai nasa a ram yake, fayil ɗin da ya fi ram girma sai wasu kayan aiki irin DuckDB ko arrow da fayilolin Parquet, a tace a can a kawo abin da ya rage. Bayanan binciken gidaje na ƙasa irin NDHS na 2018 ko MICS na 2021 ba CSV ba ne, da ƙunshin haven ake buɗe su, a zaɓi ginshiƙai da `col_select`, sannan `setDT`. Kuma ko da ka raba ginshiƙin `v005` da 1,000,000 ka sami nauyin kowace mace a NDHS, data.table matsakaici mai nauyi kawai zai ba ka. Kuskuren ƙiyasi da tazarar amincewa na samfurin da aka ɗiba rukuni-rukuni aikin ƙunshin survey ne na Thomas Lumley, kuma ɗalibin da ya tsallake wannan zai kai wa malaminsa tazara matsattsiya fiye da gaskiya.

Mai fayil na layi dubu biyar daga manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ba ya buƙatar wannan duka, abin da ya iya ya ishe shi. Wanda bayanansa suka haura layi dubu ɗari biyar, ko yake maimaita aiki ɗaya kowane wata a kan kwamfutar da ba za a sauya masa ba, ya girka shi. Ya fara da `fread` da `rbindlist` kaɗai, ya bar sauran rubutunsa yadda yake, domin teburin data.table har yanzu data.frame ne, wato teburin R na asali, ggplot2 da `lm` da `glm` duk suna karɓarsa. Sannan ya naɗe kowane mataki cikin `system.time` ya ga wanne ne ke cin lokaci, ya juya wannan matakin kaɗai zuwa `by` ko `:=`, ya gwada jimlar sabon sakamako da ta tsoho da `all.equal` kafin ya taɓa na gaba.